Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Kan Malaman Tamil Da Suka Koyar Da Mu

Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a kan wata baiwar Allah wadda ba Bakanuwa ba ce, ba ma 'yar Najeriya ba ce, amma ta ƙarar da shekarun ƙarfinta a kan 'ya'yan Kano. Malama ce 'yar ƙabilar Tamil daga Siri Lanka, wadda ta koyar da mu lissafi da kimiyya a wata makarantar kwana ta 'yan mata tun daga ƙarshen shekarun 1970. Labarin rasuwarta a Kanada ya iso mana kwanan baya ta hannun jikarta, wadda ta yi ta cigiya har ta samo ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai. Na sakaya sunanta don mutunta iyalinta, kuma domin abin da zan roƙa bai tsaya a kanta ita kaɗai ba.

Ranka ya daɗe, ya kamata a fara sanin inda irin waɗannan malamai suka fito. Yawancinsu mutanen Jafna ne, can ƙuryar arewacin tsibirin Siri Lanka, yankin da ba shi da manyan koguna ko masana'antu masu yawa, saboda haka ilimi ya zama gonarsu. 'Yan mishan na Amurka sun fara buɗe makarantu a wurin tun 1816, kuma a 1824 aka kafa makarantar kwana ta 'yan mata a Uduvil, wadda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a nahiyar Asiya. Ke nan lokacin da iyayenmu ke shakkar sa mu a boko, mata a Jafna sun yi fiye da shekara ɗari suna karatu, wasu har suna koyarwa. Sai siyasa ta juya musu baya. A 1956 aka yi dokar da ta mayar da Sinhala, yaren ƙabilar da ta fi rinjaye a ƙasar, shi kaɗai harshen gwamnati, abin da ya toshe wa Tamilawa da yawa hanyar aikin ofis, sannan a farkon shekarun 1970 aka sauya tsarin shiga jami'a ta yadda ɗan Tamil sai ya ci maki fiye da na abokinsa ɗan Sinhala kafin ya sami gurbin karatun likita ko injiniya. Masu takardu suka fara duban waje.

A daidai wannan lokaci Najeriya na cikin kuɗin man fetur, tana gina makarantu fiye da yadda take iya samar musu da malamai. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, Jihar Kano kuma ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Aka ɗebo malamai na kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Gana da Siri Lanka. Mu yara duk wanda ya zo daga wancan ɓangare na duniya Ba'indiye muke ce masa, kuma sai da na girma na gane cewa Malama ba ta taɓa zama a Indiya ba.

Abin da na shaida game da aikinta shi ne tsanani ba tare da wulaƙanci ba. Da farko mukan yi dariyar yadda take murɗa Turanci, amma kafin zangon karatu ya ƙare mun daina, domin ba ta barin aji sai yarinyar da ta fi kowa rauni ta iya warware lissafin a allo da hannunta. Takan duba littattafanmu ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ta rubuta inda aka kauce, ba ta tsaya ga kuros kawai ba. Ba Musulma ba ce, amma a watan azumi ba mu taɓa ganin ta kai ko ruwa baki a gabanmu ba, kuma takan mayar da darasi mai wuya zuwa safiya. Idan aka ji za a cire wata ɗaliba a yi mata aure kafin jarrabawa, takan roƙi shugabar makaranta su je gidan tare, ta zauna a tabarma cikin sarinta, wato zanen matan ƙasarsu, da 'yar Hausarta ta cefane, ta nemi alfarmar a jinkirta. Ba kullum take yin nasara ba. Amma cikin waɗanda ta yi nasara a kansu akwai ungozoma da malaman asibiti da shugabannin makarantu da suka yi wa jihar nan aiki har suka yi ritaya.

Tana tare da mu ƙasarta ta kama da wuta. A 1981 aka ƙone babban ɗakin karatu na Jafna da littattafai fiye da 90,000, a watan Yulin 1983 kuma aka yi wa Tamilawa kisan gilla a Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, da wasu garuruwa, daga nan yaƙin basasa ya kafu, bai ƙare ba sai 2009. Komawa gida ta gagara. Zama a nan ma ya gagara, domin bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, albashin da ke ciyar da dangi a Jafna ya koma bai taka kara ya karya ba, gwamnatoci kuma suka daina sabunta kwantiragi. Ta bi 'yan'uwanta zuwa Toronto, inda Tamilawa suka taru da yawa har majalisar Kanada ta ware watan Janairu don tunawa da al'adunsu a 2016. A can takardunta ba su ba ta damar shiga aji nan take ba, sai ta yi ƙananan ayyuka, ta reni jikoki, kuma kowace Asabar tana koya wa yaran unguwa karatu da rubutu da harshen Tamil kyauta, har ƙarfinta ya ƙare.

Cikin kayan da ta bari, jikar ta sami wani tsohon littafi da Malama ta rubuta sunayen ɗalibanta na Kano aji bayan aji, da makin kowacce, ta ɗauki hotonsa ta turo mana. Wannan shi ya hana ni yin shiru. Ita ta ɗauki sunayenmu ta ƙetare teku da su, mu kuwa babu wani allo ko kundi a bainar jama'a da ɗan Kano zai duba ya ga sunanta ko na abokan aikinta. Matasan yau, ciki har da 'ya'yan waɗanda ta koyar, ba su ma san an yi wannan zamani ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka umarci Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha su zaƙulo fayilolin malaman ƙasashen waje da suka yi aiki a nan daga kafa jihar a 1967 zuwa ƙarshen shekarun 1980, a tattara sunayensu da ƙasashensu da makarantun da suka koyar a cikin kundi guda. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero zai iya naɗar bayanan tsofaffin ɗalibai tun muna da sauran tunani, domin mafi yawanmu mun haura sittin. Idan an samu adireshin iyalai, takardar godiya ɗauke da hatimin gwamnati ba za ta ci wa jiha komai ba. Ina kuma ba da shawarar a kafa kyautar shekara-shekara ga ɗalibar da ta fi kowa a lissafi a makarantun gwamnati, da sunan waɗannan malamai baki ɗaya.

Ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma a ganina masu tsara wannan aiki za su amfana da duba fayilolin, domin za su ga abin da jihar ta taɓa yi don riƙe malamin kimiyya a ƙauye: gida a cikin makaranta, albashi a kan kari, da ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki. 'Ya'yanmu da ke koyarwa yau su ma abin da suke nema ke nan.

Ƙungiyarmu na da hotuna da takardun sakamako da sunayen malamai da dama, kuma a shirye muke mu miƙa su ga duk jami'in da ka wakilta.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wata tsohuwar ɗaliba, Kano.