Idan saƙon mota ya maƙale a bakin ruwan Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili don jan hankalin ɗalibai da injiniyoyinmu masu nazarin sadarwar da motoci ke yi tsakaninsu ta iska, a kan ƙa'idar IEEE 802.11p, zangon gigahaz 5.9.

Kowace mota kan shelanta inda take kamar sau 10 a daƙiƙa, mai riƙe da saƙo kuma ta miƙa shi ga maƙwabciyar da ta fi kusa da inda za shi. A Legas ruwa ne ke karya wannan lissafi. Saƙon da ya tashi daga Ikorodu zuwa Ajah, unguwanni biyu da ruwa ya raba, zai gangara kudu har motar ƙarshe da ke bakin ruwa, ya tsaya cak, don duk maƙwabtanta sun fi ta nisa da Ajah. Alhali hanyar tana ta Mile 12, Ketu da Oworonshoki, wato sai an fara ja da baya.

Tsarin zaɓar wa saƙo hanya mai suna GPSR, na masu bincike Karp da Kung, na 2000, ya ce saƙo ya riƙa zagaya gefen ramin, wato wurin da babu motoci, ta hannun dama har ya samu motar da ta fi wurin da ya maƙale kusa da inda za shi. Matsalar ita ce motoci ba su tsayawa. Mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa, kafin a gama zagaye taswirar ta canza, saƙo ya yi ta yawo wuri ɗaya yana cinye layin sadarwa.

Shi ya sa muke ganin dole zaɓin hanya ya koma mahaɗar tituna, bisa taswira da yawan motocin kowane titi. A goge maƙwabciyar da aka yi daƙiƙa ɗaya ba a ji ta ba daga jerin maƙwabta. A ƙayyade yawan hannun da saƙo zai bi. In babu mai karɓa, mota ta riƙe shi ta ci gaba da tafiya har ta samu. Amma gargaɗin haɗari kam, in ya tsufa a zubar.

Gadar Third Mainland, wadda hanyar ke bi don ƙetare ruwan, kilomita 11.8 ce. In siginar na kai mita 300, miƙawa kusan 40 ke nan, kuma da tsakar dare giɓi ɗaya ya isa ya yanke sarƙar. Muna kira ga gwamnatin jiha, duk ranar da za ta gwada wannan fasaha, ta fara kafa na'urorin gefen titi a bakunan gadar, a haɗa su da wayar faiba.

Naku,
Wasu injiniyoyin sadarwa, Agege, Legas