Bankunan cimaka na buƙatar lissafi kafin sayen hatsi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin magadan gari da kwamitocin bankunan cimaka (rumbunan hatsi na al'umma da ke saye da kaka su sayar wa jama'a lokacin tsada) na jihar Damagaram kan yadda ake auna aikin waɗannan bankuna, da yadda ake yanke shawarar yawan hatsin da za a saya da kaka.

A tarurrukan ƙarshen shekara, bankin da ya ambaci adadi mafi girma shi ke shan yabo. A ce wani banki ya karɓi tan 20 na gero ya wadatar da gidaje 250, wani kuma ya karɓi tan 10 ya wadatar da gidaje 200, ya kuma maido da jarinsa cif. Na farkon ake tafa wa, alhali na biyun ne ya fi iya aiki, domin kowane tan nasa ya kai ga gidaje 20, na ɗayan kuwa bai kai 13 ba. Masana sun daɗe da magance wannan. Tun 1957 Michael Farrell ya nuna yadda ake auna ƙwazon ma'aikata ta hanyar kwatanta abin da ta ci da abin da ta fitar, sannan a 1978 Charnes da Cooper da Rhodes suka faɗaɗa dabarar, aka gwada ta kan makarantun gwamnati a Amurka, inda babu ribar kuɗi da za a duba. Ana jera ma'aikatu masu aiki iri ɗaya, a fitar da waɗanda suka fi samun sakamako da kayan da ke hannunsu, a auna tazarar da ke tsakaninsu da sauran. Sharaɗin dai shi ne a haɗa tsara da tsara, domin rashin adalci ne a gwada bankin ƙauyen Tanut, inda ruwan sama ke da ƙaranci kuma kuɗin mota ke da yawa, da na Matamai ko Magarya.

Batun saye ya fi wuya, domin a watan Nuwamba, lokacin da tiya ke araha, babu wanda ya san yadda farashi zai kasance a Yuli. Darajar naira da zuwan 'yan kasuwar Dawanau suna iya juya farashi cikin makonni, kuma ba mu manta da 2005 ba, bayan fari da farin dango na 2004, lokacin da hatsi na nan a kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Duk da haka rashin tabbas ba hujja ba ce ta saye da ka. Kwamiti ya tambayi kansa abu biyu: nawa ake asara kan buhun da ya yi kwantai, nawa kuma kan buhun da aka nema aka rasa? Idan, misali, na kwantai yana jawo asarar jika 2 saboda ɓarnar ajiya da faɗuwar farashi, wanda aka rasa kuma yana jawo jika 8 saboda sai an sayo shi da tsada a Kasuwar Dole, sai a raba 8 da jimillar 10, a sami kashi 80 cikin ɗari. Ma'anarsa a tanadi abin da zai isa buƙatar shekaru 8 cikin 10 da suka wuce, ba matsakaicin shekarun ba, wanda zai bar rumbu wayam kusan rabin lokaci. Ni a ganina ma ya kamata a ɗaga adadin, domin magidancin da ya sayar da akuyarsa ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago ana tsakar noma ya yi asarar da ba ta shiga littafin banki.

Bayanan da ake buƙata akwai su. SIMA, hukumar bayanan kasuwannin amfanin gona, na tattara farashin kasuwanni a kai a kai, cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 kuma na fitar da hasashen damina kafin shuka. Sai dai hasashen yana zuwa ne da kaso, ba alkawari ba ne, kuma amfaninsa ga kwamiti shi ne sanin ko a buɗe rumbu da wuri ko a jinkirta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littafin bankin kansa: ranar saye, farashi, buhunan da suka lalace, basussuka, da gidajen da suka zo aka ce musu ya ƙare. Wannan na ƙarshen kusan ba a rubuta shi, alhali shi ne ke nuna ainihin buƙata.

Ina kira ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ta tura ɗalibanta su zauna da magatakardan kwamitoci kafin kaka mai zuwa, su tsara musu littafi mai shafi ɗaya ga kowane wata, da Hausa, boko ko ajami, magadan gari kuma su sa cika shi cikin sharuɗɗan ƙara wa banki jari.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Unguwar Birni, Damagaram