A tuna da Samanja Chari Maigumeri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu. Kowace shekara abin ɗaya ne: manya su ajiye furanni, a saki tattabaru, a ɗauki hoto, a watse. Ban taɓa jin an ɗauki soja guda an ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba. To ni ga nawa.

Duk wanda ya san Lokoja ya san barikin Chari Maigumeri. Amma tsayar da matafiya goma a tasha ka tambaye su wane ne mai sunan, da wuya ka sami mai amsa. Mutumin ƙasar Barno ne. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, lokacin Jamusawa ne ke riƙe da ƙasar. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, sai ga shi yana harbin sojojin da Ingila ta turo daga Nijeriya, har Jamus ta ba shi lambarta ta jarumta, wato kuros ɗin nan na ƙarfe. A 1915 Garwa, garin da Jamusawa ke riƙe da shi a arewacin Kamaru, ta faɗi, aka kama shi fursunan yaƙi. A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na da.

A nan ne wasu ke taɓe baki su ce ai sojan haya ne, duk wanda ya biya shi ne ubangida. Ni ban ga haka ba. Yaron da ya tashi ya tarar Turawa sun yanka ƙasar kakanninsa, wannan ya ɗauki Dikwa, wancan ya ɗauki Kukawa, wace tuta ake so ya mutu a kanta? Iyakar da ta mai da shi abokin gāba ba shi ya shata ta ba. Abin da ke hannunsa shi ne aikinsa, kuma ya iya shi.

Tun kafin 1930 ya kai muƙamin Samanjan bataliya, a bataliya ta uku ta rundunar Nijeriya. Wanda bai zauna bariki ba ba zai gane nauyin wannan kujera ba. Hafsoshi duk Turawa ne, suna zuwa suna tafiya, wasunsu Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta, alhali da ita ake ba da umarni. Samanja ne ya san wane kurtu ne ke da zuciya, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne matarsa ta yi yaji. Shi ke tsayawa a filin fareti da sanda a hammata, ya duba jar dara da ɗamara ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma idan wuta ta yi wuta yara ke kallon fuskarsa kafin su yanke shawarar tsayawa ko gudu.

A yaƙin Hitila ya sake fita. Birged ɗin Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta bi sojojin Italiya da gudu har Harar a ƙasar Habasha cikin wata guda, tafiyar kusan mil dubu. A wannan fagen ya sami lambar jarumta ta sojan Ingila. Ke nan ƙasashe biyu da suka yaƙi juna sau biyu kowacce ta rataya masa lamba. Daga nan sai Boma, inda suka kara da Japanawa a dazukan Arakan, kuma a 1944 aka ƙara masa lambar Daular Birtaniya.

Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda suka je Boma, amma shi ɗan dako ne, ba a ba shi bindiga ba. Akwatin harsashi yake ɗauka a ka, ya hau dutse ya gangara cikin ruwan sama, matsattsaku na shan jininsa. Har ya rasu gashi bai sake fitowa a tsakiyar kansa ba. Lambobinsa a cikin gwangwanin taba suke, kuma ba ya buɗewa sai an matsa masa. Irinsu dubbai ne, babu bariki ko lungu da sunansu, shi ya sa nake ganin labarin Maigumeri nasu ne su duka.

Ga abin da ke ci mini rai. Mutumin da ya ga yaƙin duniya biyu dole ya ƙame ya sara wa ɗan Baturen laftanan da aka haifa bayan shi ya zama saje, domin har zuwa ƙarshen shekarun 1940 baƙar fata a rundunar Nijeriya iyakarsa Samanja. Sai a 1953, bayan shekara 36 yana aiki, bayan ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, aka sallame shi da muƙamin kyaftin na girmamawa. A wannan shekarar ce ɗan lardinsu, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar Sandhurst da cikakken muƙamin hafsa.

Roƙona biyu ne. Rundunar soja ta kafa allo a ƙofar barikin nan, da Hausa da Turanci, mai ɗauke da tarihinsa. Ku kuma, Malam Edita, ku tura wakilinku ya nemi zuriyarsa da sauran iyalan 'yan Boma, ya ɗauki hoton lambobin da takardun sallama, ku buga mana kafin Janairu mai zuwa.

Na gode.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna