Wasiƙar Barka da Sallah daga Manchester zuwa Gida

Manchester, Ingila
Laraba, 1 ga Shawwal 1445 (10 ga Afrilu 2024)

Zuwa ga Baba da Umma da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da Sallah, da fatan an sauko daga idi lafiya. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya ƙara wa Baba da Umma lafiya da nisan kwana, Ya maimaita mana ta baɗi muna tare a tsakar gida ɗaya. Ni ma lafiyata ƙalau, aiki yana tafiya daidai, sai dai kewar gida da ta tashe ni tun kafin asuba, ita ce kuma ta zaunar da ni rubuta wannan wasiƙa maimakon in tsaya a kan gajeriyar gaisuwar da muka yi ta waya ɗazu.

A nan yau ranar aiki ce kamar kowace Laraba, domin gwamnati ba ta ba da hutun Sallah, sai da na nemi izini a asibitin da nake aiki tun makonni da suka wuce kafin aka ba ni yinin. Babu filin idi irin na Ƙofar Mata a unguwarmu, a cikin masallaci muka yi, kuma saboda ƙarancin wuri sai da aka yi sallar sau 3, wasu na fita wasu na shiga. Na tsaya a sahu tsakanin wani dattijo ɗan Pakistan da wani saurayi ɗan Somaliya, muka gaisa, muka rungumi juna, na kuma ji daɗin hakan ƙwarai. Amma da na fito titi sai na tarar da yayyafi da iska mai sanyi, motocin haya suna ta kai mutane wuraren aikinsu, babu tambari, babu algaita, babu yara sanye da sababbin kaya suna yawon Sallah. Kafin ƙarfe 10 na safe na dawo ɗakina na rufe ƙofa.

Umma, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wainarki da miyar taushe. Na san tun jiya aka jiƙa shinkafa aka kai niƙa, ƙullun ya kwana ya tashi, kuma na san kafin Baba ya dawo daga sallar asuba an riga an ɗora tanda a kan murhu, ƙamshin mai da albasa ya cika gida har zaure. Na tuna yadda kike zuba kabewa ta nuna har ta narke, ki sa gyaɗa da daddawa da alayyafo da 'yar yakuwa don tsami, sannan a kawo man shanu a ƙaramin kwano. Na yi ƙoƙarin yin tawa a nan. Na sami wata irin kabewa mai dogon wuya a kantin Turawa, na sami daddawa a shagon 'yan Afirka, na yi amfani da niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba, miyar kuwa ta yi kusa da ta gida har na yi murna. Wainar ce ta gagara, domin babu tanda, kuma sanyin garin bai bar ƙullun ya tashi yadda ya kamata ba. Da na zauna ci sai na gane cewa ko da ta yi kyau, akwai abin da ba zai samu ba, wato hannu na biyu a cikin kwanon. Kun san tun muna makarantar allo ban taɓa cin wainar Sallah ni kaɗai ba, kullum da ɗanku na gidan Liman muke ci, a ɗakin zaure, gaban tsohuwar talabijin ɗin Baba, muna jiran a nuna hawa.

Maganarsa nake so in yi muku, domin ban sani ba ko kun san irin ɗawainiyar da yake yi da ni tun da na baro gida. Jiya da dare, daren Sallah, an buga wasan Real Madrid da Manchester City na gasar zakarun Turai a birnin Madrid. Kun san shi da Madrid tun yana yaro, ni kuwa zama ya sa ina tausaya wa ƙungiyar garin da nake ciki. Da ƙarfe 8 daidai ya shiga gidan kallon nan na bakin layinmu, ni kuma na zauna a ɗakina, muka buɗe waya muna aika wa juna saƙo. Minti 2 da farawa Bernardo Silva ya ci, kafin in gama rubuta masa jaje Madrid ta rama ta kuma ƙara, sai ga muryarsa ta shigo tare da ihun mutanen gidan kallon da ƙarar janareta a bayansu. Na saurari saƙon nan ya fi sau 5, ba don ƙwallon ba, sai don na ji muryoyin da na sani, har da ta mai shayin da ke yi wa yara tsawa su matsa daga bakin ƙofa. Aka tashi 3 da 3 bayan Valverde ya farke ta ƙarshe, kowa ya kwanta da farin cikinsa.

Abin da ya fi wasan muhimmanci a wurina shi ne minti 15 na hutun rabin lokaci. A nan ne yake fita waje ya kira ni, a nan nake jin labarin unguwa wanda ku ba ku faɗa mini don kada hankalina ya tashi. Daga bakinsa na ji cewa ciwon ƙafar Baba ya motsa a goman tsakiya har ya riƙa yin asham a zaune, kuma shi ne ya ɗauke shi a babur zuwa wurin likita. Baba, ina roƙon a daina ɓoye mini irin wannan, domin aikin jinya nake yi, rashin sani ya fi tayar mini da hankali. Daga bakinsa na ji an sa ranar auren 'yar gidan Kawu, na ji rasuwar tsohuwar da ke sayar da ƙosai a kan kwana, Allah Ya jiƙanta, na ji yadda tsadar shinkafa da sukari ta matsa wa mutane a wannan azumi, da irin zafin da aka sha ga kuma rashin wuta. Ni ma a nan nake faɗa masa nawa, har abin da nake jin nauyin faɗa wa kowa, kamar daren da wani tsoho da na yi makonni ina jinyarsa ya cika babu ɗa babu jika a kusa da shi, na dawo ɗaki na kasa barci. A ranar 11 ga Fabrairu, da Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, mun fi awa ɗaya a waya bayan an tashi, ƙwallon ba ta ɗauki minti 10 a cikin hirar ba, sauran duk maganar cikin matarsa ne da tsoron da yake ji saboda wahalar da ta sha a haihuwar fari. Alhamdu lillahi, ga shi an sauka lafiya, an kuma yi mini takwara, abin da har yau idan na tuna sai idona ya cika da hawaye.

Kallon talabijin a ƙasar nan wani abu ne daban. Duk gidan da ke kallon shiri kai tsaye sai ya biya kuɗin lasisi, wanda daga wannan wata ya koma fam 169 da rabi a shekara, manyan wasanni kuma sai an sake biyan kuɗin tasha. Kowa yana kallo a ɗakinsa, ƙofa a rufe, maƙwabcina shekara guda ke nan ban san ƙungiyar da yake so ba. Mutane suna ɗauka tunda ina Manchester kullum ina filin wasa, alhali wasan United da Liverpool na Lahadin da ta wuce, wanda aka tashi 2 da 2 a Old Trafford, a akwati na gan shi kamar yadda aminina ya gan shi a Kano. Wani abin mamaki kuma shi ne sauya agogo. A ranar 31 ga Maris, muna tsakiyar azumi, aka tura agogon ƙasar gaba da awa 1, shan ruwa ya tashi daga wajen ƙarfe 6:40 ya koma 7:40 a dare ɗaya. Na sha wuya a kwanakin farko, amma na yi murna da abu guda: yanzu agogona da naku ɗaya ne har zuwa ƙarshen Oktoba. Saboda haka wasan kwaikwayon nan na Arewa24 da Umma ba ta bari ya wuce ta, wanda da sai na nemo shi a intanet daga baya, mun yi alkawari da aminina ba mai gaya wa wani abin da ya faru sai dukanmu mun gani.

Gobe Hawan Daushe. Aminina ya ce zai tsaya a wajen Ƙofar Kudu ya ɗauko mini jafi da wayarsa, ni kuma zan nemi abin da ARTV za ta nuna idan na taso daga aiki. Umma, ina roƙon alfarma ɗaya: kwanon wainar da kika saba ajiye mana, a ci gaba da ajiye shi, a aika Auta ya kira shi ya zo ya ci a ɗakin zaure kamar ina nan. Yana da kunya, ba zai zo da kansa ba tunda ba na gida. A cikin ɗan abin da na turo ta hannun Yaya akwai rabon mai jego da na takwarana, a ba shi a ɓoye.

A gaishe mini da Hajiya Kaka da kyau da kyau, a ce mata ina nan da carbin da ta ba ni, da shi na yi kabbarori yau da safe, kuma ban manta da addu'ar da ta yi mini a bakin ƙofa ranar tafiyata ba. A taimaka a sa mata waya a kunne ranar Juma'a in ji muryarta, ko da ba za ta ji tawa sosai ba. Ina gaishe da Kawu da iyalinsa, Allah Ya sanya alheri a auren. Ina gaishe da Gwaggo, da Yaya da matarsa da yara. Auta, ka dage da karatu, jarrabawa ta matso, kuma ka riƙa kunna wa Umma tasharta a kan lokaci idan an kawo wuta. A gaishe da Malam Liman da mutanen gidansa baki ɗaya, musamman Inna, wadda ta sha ciyar da ni kamar ɗan cikinta, da mai jego, da takwarana wanda ban taɓa ɗauka ba sai a hoto, a shafa mini kansa. A gaishe da maƙwabta, da mai shayi, da duk wanda ya tambaye ni.

Baba, a ci gaba da sa ni a addu'a, a kuma riƙa shan maganin ƙafar a kan ƙa'ida.

Wassalamu alaikum,
Ɗanku mai biyayya.