Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa tsofaffin ɗaliban makarantun fasaha. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana.

Babban abin da muka sauya shi ne waɗanda muke yi wa magana. A da 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare muke tarawa, alhali su sun riga sun zaɓi hanya. Bana mun koma wajen 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, tun kafin su cike fom, muka kuma roƙi shugabannin makarantu su ba mu ɗan lokaci a taron iyaye da malamai. Nan aikin yake. Yaro yana son aikin lantarki ko kanikanci, uba kuwa a ransa makarantar fasaha wurin wanda boko ya gagara ne.

Tambayar iyaye kusan ɗaya ce ko'ina: in ya gama, zai iya wucewa gaba? Amsarmu ita ce zai iya. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya jarrabawar kammala kwalejin fasaha bayan shekara uku, kuma takardar NTC da take bayarwa ana neman gurbin karatu da ita ta JAMB kamar takardar WAEC ko NECO, muddin yaro ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Daga nan ko difloma a kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda hukumar NBTE da ke Kaduna take kula da su tun 1977, ko digiri a irin jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Abin mamaki, har wasu malaman da aka ɗora wa aikin ba ɗalibai shawara ba su san wannan ba, saboda haka muka rubuta shi da Hausa a takarda ɗaya muka bar wa kowace makarantar da muka je.

Shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a bana, na karatu kyauta da alawus na wata-wata a kwalejojin fasaha na tarayya, ya sauƙaƙa mana shiga. Sai dai mun riƙa gaya wa iyaye kada alawus ya zama dalilin kai yaro. Wanda ba ya son riƙe sifana, kuɗi ba zai zaunar da shi shekara uku ba.

A hutun ƙarshen zango mambobinmu masu gareji da shagunan walda, kafinta da haɗa sola sun karɓi ɗalibai. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano ne suka fi samun masu nema, aikin gini da na famfo kuwa da ƙyar, duk da cewa magini mai hannu ba ya rasa aiki a Kano. Mun shimfiɗa sharaɗi: ɗalibi koyo ya zo, ba aiken sayen abinci ba. Inda aka kiyaye, yaran sun koma aji da tambayoyin da suka faranta wa malamansu rai.

Wajen 'yan mata ba mu taɓuka abin kirki ba. Iyaye sun ce sai sun ga mace mai sana'ar ta tsaya ta yi musu bayani, kuma suna da gaskiya. Muna roƙon mambobinmu mata su shigo kwamitin.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɗakunan koyon aiki. A wata makaranta mun tarar da injuna lafiyayyu, amma babu wuta, babu man janareta, babu katako ko sandunan walda. Dattawanmu da suka ga kayan da aka shigo da su lokacin da aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4 suna ruɓewa cikin akwatuna sun san ƙarshen irin wannan. Don haka shawarar kwamiti ita ce kuɗin gudummawar baɗi su tafi kan kayan da ke ƙarewa kullum, a dakatar da maganar buga kalanda.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin ranar, wanda kuma zai karɓi ɗalibi a shagonsa hutu mai zuwa ya ba sakatare sunansa da irin sana'arsa.