Wa ke wakiltarmu a majalisar jiha? Wasiƙa daga Garwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Garwa, a arewacin Kamaru, kusan shekara talatin ina sayo masara da gyaɗa a ƙauyukan wajen Ngong da Lagdo. A daminar bara ruwa ya cinye wani kwalbati a hanyar wani ƙauye da nake zuwa. Motar da na ɗauko haya ta kafe da buhu 80 a kanta, tayoyin baya suka nutse a taɓo, muka kwana biyu a wurin. Samarin ƙauyen ne suka sauke kayan a ka, ɗaya bayan ɗaya, duk da haka buhu 11 suka jiƙe har masarar ta fara tsiro. Ban yi kuka da asarar ba, kasuwa ta gaji haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wani dattijo da ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, kai da kake birni, wa za mu kai wa kukanmu?" Suka sa malamin makaranta ya rubuta takarda da Faransanci, suka danƙa mini.

Na fara da wani depite, wato ɗan majalisar dokoki ta ƙasa. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce aikinsa yin doka ne a Yawunde, ba gyaran hanya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wani kansila ya ce wannan hanya ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma, in nemi majalisar jiha. To, wa ke wakiltar yankin a majalisar jiha? Na tambayi mutum fiye da goma a kasuwa, da masu karatun boko a ciki. Ba wanda ya iya kawo mini suna ko ɗaya.

Ban ga laifinsu ba, domin ba mu muke zaɓar su ba. Tsarin mulkin 1996 ne ya yi tanadin waɗannan majalisu, amma sai ranar 6 ga Disamba 2020 aka yi zaɓen farko, bayan shekara 24 ana jira. Kowace majalisa kujera 90 ce. Kujera 70 kansiloli ne ke zaɓar masu hawansu, gunduma gunduma, 20 kuma sarakunan gargajiya ne ke zaɓa a tsakaninsu. Talaka da katin zaɓensa a aljihu ba ya cikin lissafi, sai dai ya ji sakamako a rediyo. Wanda bai taɓa zuwa ƙofar gidanka neman ƙuri'a ba, ta yaya za ka san fuskarsa, kuma me zai sa ya ji kunyarka?

Mu da muka manyanta mun ga yadda ake ta jan layi a kan ƙasar nan. Ina saurayi, Arewa duka lardi ɗaya ce, daga Ngaundere har bakin Tafkin Chadi, Garwa ce hedikwata. A 1983, shekara guda bayan saukar shugaba Ahmadu Ahidjo daga mulki, aka raba ta uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana mamakin yadda ƙanensa da ke Marwa ya wayi gari ɗan wani lardi ba tare da ya ɗaga ko tabarma ba. A 2007 aka raba Garwa kanta uku, a 2008 larduna suka koma jihohi. Jiharmu ta Arewa gunduma huɗu ce: Binuwai, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rey. Binuwai kaɗai ƙananan hukumomi 12 ne a cikinta, daga Basheyo da Gashiga ta wajen iyakar Najeriya har Bibemi ta wajen Chadi. Duk wannan faɗin ƙasa mazaɓa ɗaya ce a majalisar jiha.

A majalisar dokoki ta ƙasa ma haka zancen yake. Doka ta ce gunduma ita ce mazaɓa, amma shugaban ƙasa na iya yanka ta da dokar da zai sa wa hannu. Haka aka sami Binuwai ta Yamma da Binuwai ta Gabas. Kuma ba mutum muke zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya ne. Jerin da ya haye rabin ƙuri'u ya kwashe kujerun duka. Na shaida 1992, lokacin da jam'iyyar UNDP ta Bello Buba Maigari ta sami kujera 68 cikin 180, Garwa ta cika da murna. Ko a ranar ma, da ka tambayi mai murnar wane ne nasa a cikin jerin, tutar jam'iyya zai nuna maka.

Sai maganar yawan jama'a, wadda ta fi damuna. Cikin kujeru 180, jihar Arewa tana da 12, Arewa Mai Nisa 29, Adamawa 10. Ƙidayar 2005 ta ba jiharmu mutum kusan miliyan 1.7. Amma duk wanda ke bin hanyar Ngong ya san abin da ya faru tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982. Manoma sun yi ta gangarowa daga Arewa Mai Nisa, Tupuri da Mafa da Masa, neman ƙasar noma, daga baya kuma rikicin Boko Haram ya koro wasu. Inda na san daji ne da kiwo, yau gari ne da masallaci da coci da kasuwar mako. Ƙauyen da motata ta kafe, a zuwana na farko bukkokinsa ba su kai ashirin ba. Yanzu injin niƙa uku ne a ciki. Mutane sun ƙaru, kujeru suna nan inda suke.

Ba na zargin kowa da mugun nufi, kuma ina girmama sarakunanmu da ke zaune a majalisar. Roƙona ga masu iko shi ne a gyara doka, kujerun nan 70 su dawo hannun masu katin zaɓe, a kuma yanka Binuwai ƙanana yadda kowane yanki zai san nasa, bisa ƙidaya sabuwa. Kafin a kai can, akwai abin da ba ya cin kuɗi: a liƙa taswirar mazaɓa da sunayen wakilai a ƙofar kowace ƙaramar hukuma da fadar kowane lamiɗo, a karanta su a rediyo da Fulatanci da Hausa, ba Faransanci kaɗai ba.

Malam Edita, takardar dattawan nan tana cikin aljihun babbar rigata har yau, ta fara yagewa ta wajen ninki. Ranar kasuwa mai zuwa zan koma ƙauyen, kuma na san dattijon nan zai tare ni tun kafin in sauka daga mota.

Naka,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Garwa, Kamaru