Zuwa ga Ɗana, kan Gudu da Ciwon Gwiwa

Damagaram

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Mahaifiyarka ta ce ka yi mata kukan gwiwa tun da ka fara ƙara sauri a gudun safiya. Ni ka ɓoye mini, don ka san malamin motsa jiki, ko ya yi ritaya, bakinsa bai yi ba.

Ina kyautata zaton jefa ƙafa kake yi can gaba don taku ya yi tsawo, dunduniya ta dira nesa da jiki, gwiwa a miƙe. Birki kake taka wa kanka a kowane taku. Kuma duk lokacin da ƙafar mai gudu ta dira, ƙarfin da ke komowa jikinsa daga ƙasa yakan kai nauyinsa sau 2 zuwa 3. In gwiwa ba ta ɗan lanƙwasa ba, ita za ta sha wannan duka.

Gaɓa uku ke aikin: ƙugu, gwiwa da idon sawu, kuma lugude suke yi, kamar taɓarya uku a turmi ɗaya, kowace da lokacin saukarta. Da ƙafa ta taɓa ƙasa, gwiwa da idon sawu sukan lanƙwasa tare su karɓi nauyi, agara ta miƙe ta tara ƙarfi. Daga nan sai su buɗe, agara ta saki abin da ta tara, tsokar sha-raɓa ta ture ƙasa baya. Sannan ƙugu ya jawo cinya gaba, gwiwa a naɗe, don ƙafar ta wuce ba nauyi. Da ka ƙara sauri, lokacin da ƙafa ke yi a ƙasa sai ya ragu, dole aikin nan duka ya ƙare cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. A nan ne wanda bai saba ba yake rikicewa, musamman in gajiya ta shigo.

Abin da samari ba sa son ji shi ne, a irin gudunku na kilomita 10 ko 12 a awa, tsawon taku daga turin baya yake zuwa, wato daga sha-raɓa. Sai an kai wajen mita 7 a daƙiƙa, kusan kilomita 25 a awa, sannan ƙugu ke karɓe ragama da saurin wurga ƙafa. Ko Eliud Kipchoge, gwanin gudun nan ɗan Kenya, da ya yi kilomita 42 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin ta Jamus a 2022, gudunsa wajen kilomita 21 ne a awa.

To, ka ƙirga takunka na minti ɗaya. Ka ƙara masa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba tare da ka ƙara sauri ba. Takun zai gajarta, ƙafa ta dira kusa da ƙarƙashinka, nauyin gwiwa ya ragu. Ka riƙa tsayawa a bakin dakali kana ɗaga dunduniya kana saukewa a hankali. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako guda. Ka sauka daga kwalta in da hali, amma ban da yashi mai zurfi irin na bayan garinmu, shi agara yake ci.

In gwiwar ta kumbura, ko ciwon ya bi ka har wurin sujada, ka ajiye gudun ka ga likita. Ka aiko mini da adadin takun da ka ƙirga. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Mahaifinka